Ba a Yaga Rigar Matafiyi

Wutar da muke zagayewa a gidanmu na Kusada ta aiki ce. Iya Tabawa, kakata ta wajen uba, ba ta hura wuta don jikoki su miƙe ƙafa su ji ɗumi. In an gama girbi kara ya samu, sai ta ɗora tsohuwar tukunyar rini bayan sallar magariba, ta zuba karan dafi, ta cusa kaba a ciki ta yi ta dahuwa har ta yi ja wur. Mu kuwa sai mu lallaɓo mu tsuguna, wai mun zo taya ta iza wuta. Ƙarya muke yi, ita ma ta sani. Tatsuniya muka zo nema.

Sana'arta biyu ce. Tana saƙa tabarma: ta tsaga kaba da farce, ta jiƙa, ta saƙa dogon layi mai faɗin tafin hannu, in ya isa ta jera ta ɗinke da basilla. Tana kuma yin shimfiɗar tsumma, wadda tsofaffi suka fi so don ta fi tabarma taushi a gwiwa. Mata su kawo mata zannuwan da suka mutu da rigunan da suka ƙoɗe, ta yayyaga su siri-siri, ta kitse uku-uku kamar kitson kai, ta naɗe kamar faifai tana bi da ɗinki. Kowane irin tsumma karɓa take, komai dauɗarsa. Amma kafin ta kwance ƙunshi sai ta tambaya, "Na wane ne? Yana ina?" In aka ce yana gona, ko ya riga mu gidan gaskiya, sai ta jawo. In aka ce ya tafi ci-rani bai dawo ba tukuna, sai ta ture ƙunshin da bayan hannu, ta ci gaba da abin da take yi kamar ba ta ga mai shi ba.

Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba shi da linzami. Ranar da na ga ta kori wata maƙwabciyarmu da ƙunshinta, matar har da ƙwalla, sai na ce, "Iya, ke dai muguwa ce. Tsumma ba tsumma ba ne?" Ta dube ni ta kan hayaƙi, ta ci gaba da aikinta. Da yamma, da muka taru, sai na ga ta ɗauko wani tsohon zane ta ɗora a cinya. Ta ce, "Ga ta nan ta taso, ku ba ta wuri." Muka ce, "Ta zo ta zauna, mun share mata." Daga yadda ta rage murya na san yau ba ta Gizo ba ce.

Wai wani bafatake ne ya ɗaura wa jakunansa kaya zai tafi Gwanja sayen goro. Ya bar matarsa da jariri, ya bar babbar rigarsa ta saƙi a cikin adudu, ya ce ta ajiye masa, da ita zai je idi in ya dawo. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ayarin da suka tafi tare ya dawo, babu shi, babu kuma wanda ya iya cewa ga inda ya tsaya. Gida ya tsiyace. Gara ta cinye tabarmar ɗaki, yaro yana kwana a ƙasa yana tari.

Ran nan da almuru sai ga wata tsohuwa ta shigo ɗiban wuta. Ba wanda ya san ta a garin. Ba ta yi sallama ba, kuma da ta ratsa tsakar gida ko kaza ɗaya ba ta motsa ba. Ta leƙa ɗaki, ta dubi yaro, ta dubi adudu, ta ce, "Riga na barci cikin adudu, ɗa na barci a ƙasa. Wannan wace irin uwa ce?" Ta sa tafin hannu ta kwashi garwashi, ta fita da shi a hannu.

Maganar ta zauna wa matar a rai. Ta buɗe adudu, ta fito da riga, ta kama hannun dama ta keta.

A nan Iya ta kama zanen da ke cinyarta ta keta shi, keeet! Ƙanena ya ƙanƙame ni. Ta ce, "Ashe mutum yana nan da ransa. Ciwo ne ya kwantar da shi a wani gari, ya warke, ya kamo hanyar gida. A daidai lokacin nan yana tsaye a mararraba, ya ɗaga hannu zai nuna wa jakinsa hanya. Sai hannu ya faɗi. Ya duba gabas, ya duba yamma, bai san wadda zai bi ba."

Matar ta keta wuyan riga, keeet, sunan garinsu ya fice daga bakin bafatake. Ana tambayarsa ina ya nufa, sai ya buɗe baki ya rufe. Ta keta aljihun ƙirji, keeet, fuskar matarsa da ta ɗansa suka goge. Da ta zauna tana kitsa tsummokin, sai ta riƙa jin wata 'yar murya tana fita daga tsakanin yatsunta. Iya ta kan toshe hanci ta rera mana ita siririya:

"Kitsa ni sannu, kitsa ni sannu,
mai ni yana bisa hanya."

Matar ta ce iska ce. Ta gama shimfiɗa, ta kwantar da yaro, tari ya tsaya. Yaro ya girma, shimfiɗa ta tsufa, aka mayar da ita bakin zaure ana goge ƙafa.

Wata rana wani ayari ya ratsa ta garin, wani dattijo a cikinsu ya tsaya a ƙofar gidan ya yi sallama yana neman ruwa. Tana fitowa da ƙwarya ta gane shi, ko furfura ba ta ɓoye mata shi ba. Ta kira sunansa, ya waiga baya ya ga ko da wani take. Ta jawo ɗansa ta tsayar a gabansa, ya shafa kan yaron ya ce Allah ya raya. Ya goge ƙafarsa a kan shimfiɗar, ya sha ruwa, ya miƙa mata ƙwarya.

"Kun san mi ya ce mata?" in ji Iya. "Ya ce, 'Baiwar Allah, na ga alamar maigidanki ba ya nan. Allah ya dawo maki da shi lafiya.' Ya kora jakinsa ya bi ayari."

Matar ta zauna a zauren nan ta warware shimfiɗa, tana jera tsumma kusa da tsumma ko riga za ta koma riga. Wai har ta mutu tana jerawa. "Ƙurunƙus," in ji Iya, "ɓera ya ja sauran cikin rami. Ku tashi ku ba ni wuri."

Ban tashi ba. Haushin tatsuniyar ya cika ni, don ni dai ban ga laifin matar ba. Na ce, "To Iya, sai ta bar yaron ya mutu da sanyi?"

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, bakinki ya girme ki. Wa ya hana ta shimfiɗa mashi rigar ɗungurungum? Yagawa aka hana." Ta juya kabarta a tukunya, zance ya ƙare.

Tsoron da na kwasa a daren bai sake ni da wuri ba. Duk ranar da Baba ya tafi kasuwar Kankia, sai in sace rigarsa daga igiya in cusa ƙarƙashin rumbu, kar wani ya yi kuskure. Na sha duka a kan haka, har ranar da gara ta lasar masa wata sabuwa fil.

Yanzu ni ma na fara furfura. Aure ya kawo ni Kankia, kuma ina cikin ƙungiyar mata masu aikin hannu da ke taruwa a gidan Hajiya Abu bayan la'asar. Aikin ya canza, ba irin na Iya ba ne. Buhu muke shimfiɗawa mu zana fure da alli, a yanka ƙyallaye gajeru-gajeru da almakashi, a riƙa cusawa da kwarashi ana ƙullewa har buhun ya ɓace. Mai hali ta sa zaren ulu. 'Yan matanmu daga waya suke ɗauko zane, har Hajiya ta sayo wata na'ura mai harba zare cikin yadi, tatatata, suka sa mata suna bindiga. Ba mai tambayar na wane ne. Ƙyalle a buhu muke kwasowa wurin teloli, wa zai tsaya tambayar tela?

A cikinmu akwai Yaya Karime, ta girme ni, ba ta da yawan magana, ita muke ba kalmasa bakin shimfiɗa don hannunta ya fi namu tsabta. Ɗanta Lawal yana sayen hatsi a kasuwannin yamma yana kawowa gari. Wata ranar kasuwa mutanen daji suka tare motarsu a hanyar dawowa. An haɗa abin da aka iya haɗawa an kai, waɗansu suka dawo, shi bai dawo ba. Daga baya lambar da ake kira ma ta daina shiga. Tun daga lokacin Hajiya ta mayar da na'urar nan cikin kwalinta, ba a sake kunna ta ba in Yaya Karime tana wurin.

An yi wata da watanni. Ran nan sai ta shigo da ƙunshi, ta wuce kowa, ta dire shi gaban Ummi, yarinyar da ke mana yanka. Ta kwance. Shadda ruwan toka, jallabiya fara, rigar ƙwallo, wanduna, duk a wanke a ninke, suna ƙamshin akwati.

"Ummi, yanka mani waɗannan. Ƙanana-ƙanana."

Na san shaddar nan. Da ita yakan kawo uwarsa a kan mashin ranar Juma'a. Ummi ta ɗaga hannun rigar ta buɗe almakashi, wallahi ban san lokacin da na tsallake mutum biyu na fizge shi ba.

"Yaya Karime, kayan Lawal ne."

"Na san ko na wane ne, ni na wanke su." Ba ta ɗaga murya ba. "Dangin ubansa sun ce in bayar sadaka. Kayan mamaci ake sadaka da su. Wa ya nuna mani kabari? In kuma na bar su a rataye, kullum na shiga ɗaki sai in ga kamar mutum a tsaye. Na gaji, Zulai. A yanka a yi mani abin zama, in san dai suna ƙarƙashina."

Hajiya Abu ta ce, "Zulai, ba dai camfin tsofaffi za ki kawo mana nan ba? Ke da ke zuwa Islamiyya?"

Na ce, "Hajiya, na san camfi ne. Almakashi ba ya kashe kowa, ba ya raya kowa. Amma ba a gabana ba." Ina faɗa kunya ta rufe ni, ga ni uwar 'ya'ya ina kokawa da yarinya a kan tatsuniya.

Yaya Karime ta ɗago ta dube ni. "To ke za ki dawo mani da shi?"

Na zauna a ƙasa kusa da ita, almakashi a ƙarƙashin cinyata, na ce, "Yaya, ba zan iya ba. Amma ki bar ni in yi miki shimfiɗar ba tare da an yanka ko zare ɗaya ba. In ba ta yi miki ba, ga almakashi, da hannuna zan miƙa miki."

Ban taɓa ganin an yi ba, a wurin na ƙirƙira. Muka jiƙa kowace riga, mutum biyu suka kama baki da baki suka murɗe ta kamar ana matse wanki. Na cusa ƙarshen wannan cikin ninkin waccan, na fara naɗewa daga tsakiya irin naɗin Iya. Basilla kuwa ban bar ta ta huda yadi ba, ta tsakanin murɗi nake zura ta, zaren ya zagaye ya riƙe. Maɓallai muka tura ciki. Abin da ya fito ba kyan gani: mai nauyi, ƙulu-ƙulu, gefe guda ya fi gefe tudu, wani maɓalli ya ƙi ɓuya yana sukar mai zama. Cikin 'yan matan nan masu ɗaukar hoton komai ba wadda ta ɗaga waya. Yaya Karime ta shafa ta, ta naɗe, ta sa a hammata, ta tafi ba ta ce an gode ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya hana ni sukuni. Ta shimfiɗa ta a ƙofar ɗakinta, daidai inda ake hango zaure, ta mayar da wurin mazauninta. Ta rage zuwa aiki. Mashin ya tsaya a waje, sai ta miƙe. Wayar wani ta yi ƙara, sai ta ajiye abin da ke hannunta. Matar da ta zo mana tana cewa ta gaji, tana neman ta sauke, ni na sake ɗora mata. Ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta. Ƙanwar mijinta ta tare ni a wurin niƙa ta ce, "Ke ce Zulai? Allah ya saka mana." Ban rama ba, ni da ba na barin ta kwana. Na koma ina zagayawa ta bayan masallaci don kar in bi ta layinsu, saboda tsoron idonta nake ji.

Sai bayan wata damina labari ya zo. Wani mutum daga wajen Tafashiya, wanda aka sako daga dajin, ya nemi gidan ya zo ya gaida uban. Ya ce tare aka tsare su, zazzaɓi ne ya kama yaron, kuma shi da kansa yana cikin waɗanda suka haƙa suka yi masa salla. Aka yi zaman makoki ba gawa. Na je na yi gaisuwa daga nesa-nesa, na gudo.

Bayan an watse da kwanaki sai ga ta a gidan Hajiya, shimfiɗa a hammata. Ta ajiye a tsakiyarmu ta ce, "Ku warware mani."

Na ja bakin zare, ya biyo ni salin-alin. Riguna suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, a murɗe, sun ɗan yi duhu inda aka fi zama, amma ko huda babu. Muka wanke, muka shanya, Ummi ta hura gawayi a dutsen guga. Mun goge iya gugarmu, alamar murɗin ta ƙi bajewa duka. Yaya Karime ta zauna tana ninkewa da kanta, tana ware wa kowace inda za ta: jallabiya ta ladanin unguwarsu, shadda ta mutumin Tafashiya da ya rufe shi, rigar ƙwallo ta wani maraya a layinsu.

Ta gama, ta ɗora tafin hannu a kan tarin. Ba ta dube ni ba ta ce, "Kin wahalshe ni, Zulai. Ban san ko na yafe ba tukuna." Ta shafa kayan. "Amma ban wanke shi ba, ban ga likkafaninsa ba, ban san inda yake kwance ba. Wannan kaɗai ya rage da zan yi mashi da hannuna." Sai ta sunkuya kan kayan ta ce, "Lawal. Lawal, ga sadakarka." Ɗan fari ne. Duk zamana da ita ban taɓa jin ta kama sunansa ba sai ranar. Ba wadda ba ta yi kuka ba a ɗakin nan, har Hajiya.

Ina yarinya na ɗauka Iya dabarar dawo da matafiyi take koya mana: ka tsare riga, mai riga ya dawo. Ga shi mun tsare, bai dawo ba. Yanzu ina ganin Iya ta san haka sarai, don a zamaninta ma ana tafiya ba a dawowa, ta ga mata da yawa da ƙunshi a hannu. Ina jin abin da take gudu shi ne mace ta yanke da hannunta abin da Allah bai riga ya sanar da ita ba, ta zo ta rasa inda za ta sa kanta in labari ya zo, ko wane iri ne. Amma ba ta gaya mana nauyin jiran ba. Ko ta bar shi ne don mu yara ne, ko kuwa ita ma ba ta da maganinsa. Har yau in aka tambaye ni ko daidai na yi wa Yaya Karime, ba ni da amsa guda.

Abin da ban zata ba shi ne labarin zai fita. Mata suka fara zuwa gidan Hajiya daga ƙauyuka, waɗanda ba mu taɓa gani ba, su tsaya daga bakin ƙofa da ƙunshi su ce, "Wace ce Zulai? Irin ta Karime nake so." Yanzu na san yadda ake murɗa wando ya kwanta lafiya, na san inda ake tura maɓalli kar ya soki mai zama, gefe ba ya fin gefe tudu. Hannuna ya faɗa da wannan aiki, kuma wallahi ban so ya faɗa ba. Ko shekaranjiya wata yarinya ta zo, goyo a bayanta, lallen hannunta bai gama fita ba. Na matsa mata a tabarma, na ce Ummi ta kawo ruwa a bokiti mu jiƙa.